Yaya Ɗahiru, Mai Yi wa Kango Sallama

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar yayana, Malam Ɗahiru. Waɗanda suka san shi a Ƙofar Jatau, nan Zariya, sun yi ƙaranci, kuma ko a cikinsu, da an ambace shi sai ka ji an ce, "Au, mutumin nan mai yi wa kango sallama?" Ni ce auta, ni kaɗai na rage a ɗakinmu. Ina so in faɗi inda wannan ɗabi'a ta samo asali, don shi bai taɓa tsayawa yi wa mutane bayani ba.

A farkon shekarun tamanin aka tura shi Amurka ƙaro ilimin aikin gona. Mu a gida mun zaci zai dawo da labarin dogayen benaye, sai ga shi da labarin ƙauye. Bayan karatun aji, an kai shi wata gunduma can tsakiyar ƙasar, ya yi damina guda a gidan wani manomin alkama. Ya ce ƙasar shimfiɗe take kamar tabarma, babu ko dutse ɗaya irin Kufena da ido zai huta a kansa. Hanyoyi a miƙe sambal, sun yanka gonaki gida-gida. Faɗin gundumar, in ji shi, sai ka tashi daga Zariya ka wuce Giwa ba ka fita daga cikinta ba, amma in aka tara mutanenta kaf ba za su cika filin Idi ba.

Kowane ƙauye da asalinsa. Wannan na jikokin Jamusawa ne, wancan na waɗanda kakanninsu suka zo daga gabashin Turai, kowa da cocinsa da maƙabartarsa. Rafukan kuwa suna ɗauke da sunaye na harshen mutanen farko da aka kora tun tuni, masu faɗin sunayen ba su san ma'anarsu ba. Lokacin girbi 'yan ƙwadago su zo daga Meziko, a gama su tafi. Samari ba sa zama, tunda inji ɗaya na yin aikin da a da sai an yi gayya. A wasu ƙauyukan, in ji Yaya, na cikin ƙasa sun fi na kanta yawa nesa ba kusa ba.

Ranar da ya ba mu labarin da ya canza shi, muna tsakar gida, Inna na tsinke zogale. Ya ce wata rana maigidan nasa ya aike shi sayo wani ƙarfen tarakta, hanya ta bi da shi ta wani gari. Ga tituna da sunayensu, ga makaranta, ga dogon rumbun siminti, ga gidaje da labule a tagoginsu, ciyawar ƙofar kowane gida an yanke ta tsaf. Amma babu mutum, babu kare, babu ko kaza. Yana cikin dube-dube sai jiniya ta ɗauka daga kan wani turke, irin wadda ake busa wa ma'aikata su tashi cin abinci. Ta yi kukanta ta gama. Ba ƙofar da ta motsa.

Tsoro ya kama shi, ga azahar ta yi. Ya ce don ya ji muryar ɗan Adam, ko da tasa ce, sai ya tsaya a bakin titi ya ɗaga murya ya kira salla. Yana gama kiran ya ga wani tsoho tsaye a bayansa, riƙe da hularsa a hannu.

"Saurayi, wa kake kira?"

"Duk wanda ya ji," in ji Yaya.

"To, ni na ji. Sake yi."

Tsohon shi kaɗai ya rage a garin. Ya kama hannun Yaya ya zagaya da shi, yana nuna gidaje yana kiran masu su kamar suna ciki suna hutawa: nan mai gyaran takalma, nan malamar makaranta, nan wanda ya auri ƙanwata. Shi ke yanke ciyawar gidajen duka, wai kada su dawo su tarar wuri ya lalace.

Bayan girbi Yaya ya koma yi masa ban kwana, ya tarar ciyawa ta kai gwiwa. Daga baya ya ji cewa mai kai wasiƙu ne ya tsinci tsohon a kan kujerarsa, kuma ba wanda ya iya cewa ga ranar da ya cika. Inna ta ajiye zogalen ta ce, "Innalillahi! Ba maƙwabci, ba kowa?" Yaya ya ce, "Inna, su ma da can suna da maƙwabta."

Da ya dawo aka ba shi gidan ma'aikata a Samaru, ya ƙi, ya ce cikin birni zai zauna. Lokacin kuwa 'ya'yan manyan gidaje suna ta tashi, wasu Kaduna, wasu sabuwar Abuja, ana barin tsofaffi da zaurukan da damina ke ci kaɗan-kaɗan. Kullum bayan la'asar sai ya bi lunguna daga Ƙofar Jatau har Ƙofar Kibo. In ya zo gidan da aka ce an watse, ya tsaya ya yi sallama, ya karkata kai yana saurare, ya sake yi. Mutane suka fara cewa iskokin can ne suka biyo shi. Inna ta karɓo masa rubutu, ya shanye, washegari ya fita yawonsa.

Ni kaina na tsorata da shi. Wata rana ina dawowa daga suna na gan shi a ƙofar Iya Hurera mai daddawa, wadda kowa ya san 'yarta ta ɗauke ta zuwa Kano. Na so in wuce kamar ban gan shi ba, sai ya ce, "Binta, tsaya. Kin ji?"

Ban ji komai ba sai gudun ƙadangaru a kan katanga. Can sai ga shi: ƙwas, ƙwas, a hankali, daga ƙuryar gidan. Na ce, "Yaya, don Allah mu tafi." Ya ce, "Ɗakin mace ne, ke za ki shiga. Ina bayanki."

Na shiga. Na ɗaga asabari na tarar da Iya Hurera kwance a ƙasa, leɓɓanta sun bushe, tana buga ludayi a gefen kwano. Ashe zaman bene a Kano ne ya gagare ta, ta gudo gida ba ta gaya wa kowa ba, ta zame ta karye a ƙugu, murya kuma ta ƙare. Ta ƙara shekaru a duniya bayan wannan. Daga ranar aka daina yi wa Yaya dariya, amma ban ga wanda ya bi shi yawon ba. Haka ya ci gaba shi kaɗai har ciwon ajali ya kwantar da shi a tsakiyar shekarun casa'in.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Shi tsoronsa kada birni ya koma kufai. A nan bai canka ba. Birni ya cika har ya batse, kangayen da yake yi wa sallama an rushe su an yi ɗakunan haya. Ƙauyuka ne suka watse, kuma ba inji ya kore su ba, tsoro ne. Mutanen da a da suke kawo mana itace da dawa ranar kasuwa su koma, yanzu sun zo da tabarminsu da tukwanensu.

Cikinsu akwai Asabe da mijinta Tanko, da na ba su ɗakunan baya na gidanmu. Ƙauyensu kowa ya tashi, in ban da mahaifin Tanko, wanda ya ce ba inda za shi. Duk Juma'a Tanko kan hau babur ya kai masa gari da magani, mu kuma mu zauna da zullumi har ya dawo. Kwanan baya ya dawo jikinsa a sanyaye. Na ce, "Lafiya, Tanko? Ya Baba?"

Ya ce, "Hajiya, lafiyarsa lau. Amma na ce masa ya taho tunda ba kowa, sai ya dube ni ya ce wa ya gaya mini ba kowa? Wai kullum da hantsi yana jin daka a gidan maƙwabta, da yamma kuma yana jin ana koro shanu."

Ya tambaye ni ko ya ɗauko shi da ƙarfi. Sai Yaya ya faɗo mini a rai. Bai bar gadon gida ba, bai bar na gona ba, 'ya'yansa ma sun bazu a garuruwan da ban taɓa zuwa ba. Abin da ya bari, in na auna, shi ne ni da ba na iya jin irin wannan labari in ce Allah ya kyauta in juya. Na ce wa Tanko kada ya yi wa tsohon musu, kada kuma ya ajiye kaya ya juyo da sauri. Ya zauna su ci tuwo tare, ya bar shi ya faɗi duk wanda ya ji. Na kuma tafi wajen limamin unguwa da kaina, aka samu magidanta da za su riƙa karɓa-karɓa da Tanko a tsakiyar mako.

Allah ya jiƙan Yaya Ɗahiru, ya haskaka kabarinsa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa akwai wanda zai san ranar.