Cibiyar Jirgi Ta Koma Baya

Ban taɓa mantawa da ranar da aka jarraba Usman a tuƙin jirgin ruwa ba, a ƙarshen shekarun 1990. Lokacin ina rayyis, wato shugaban wani ƙaramin jirgin kai ma'aikata a tashar ruwa ta Yanbu, iyalina kuma suna Madina. Usman maƙwabcina ne a unguwar Al-Sih da ke Madina, direban bas ɗin da ya daɗe yana kai alhazai Uhudu. Ni na jawo shi aikin ruwa, kuma wannan ce damarsa ta ƙarshe. In ya faɗi, sallama.

Matsalarsa ɗaya: tuƙin mota ya zauna masa a hannu. Jirgi kuwa yana da wurin da yake juyawa a kai, muna ce masa cibiya, kuma ba ta zama wuri ɗaya. In ana tafiya gaba, sai ta matso goshin jirgi, daidai inda ƙaramar farfelar da ke tura goshin gefe take, farfelar ta rasa ƙarfin tura goshin. In aka ja baya, cibiya ta koma baya, goshi ya yi biyayya.

Ka'ida ita ce rayyis ya tsaya ya yi shiru. Mai jarrabawar wani matashi ne, Larabci zalla yake yi. Muna dab da rasif, bangon da jirgi ke jingina, iska ta kwaso goshinmu ta nufi siminti da shi. Usman ya danna farfela, goshi ya ƙi. Tsoro ya kama ni, wallahi. Na ɗaga carbi kamar mai addu'a, na ce da Hausa, "Ya Allah, a mai da cibiya baya!"

Jirgi ya ja baya kaɗan, goshi ya kauce, muka jingina lafiya.

Matashin ya dube ni yana murmushi, ya ce da Larabci, "Ya ammi," wato baffa, "uwata Bakanuwa ce, na ji addu'arka sarai." Sai ya ƙara, "Amma hannunsa ya riga bakinka. Ya ci."

Usman ya yi rayyis har ya yi ritaya, ya rasu a Madina. Ina kewarsa, ina kewar ruwan nan. Abin da nake gaya muku, ku sababbi a aikin nan, shi ne ku yarda da wanda kuka koyar. Usman ya iya tun tuni, ni ne ban lura ba.