Taragon Da Tagarsa Ba Ta Buɗuwa

A duk masu jiran metro, jirgin ƙasan cikin gari, a tashar Ainu Shams, da wuya a sami mai addu'ar Allah ya kawo tsohon jirgi in ba Fauziyya ba. Kowa idan ya hango sabo mai na'urar sanyi ya doso, sai ka ga fuska ta saki, ana gyara tsayuwa. Ita kuwa gabanta ne ke faɗuwa.

Fauziyya Bahaushiyar Sudan ce, haihuwar Sinnar. Yaƙi ne ya koro ta Alƙahira ita da mahaifinta Malam Ya'ƙub, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana aikin reluwe. Tana yi wa amare lalle a wani shagon gyaran jiki a unguwar Dokki, kuma hannunta yana da kyau, don haka ba ta rasa aiki. Damuwarta ɗaya ce: kan tsohon ya fara juyewa. Wata rana ya kunna gas ya manta, wata rana ya fita sayen burodi sai maƙwabta suka tsinto shi a wata unguwa yana tambayar hanyar tashar Sinnar. Tun daga nan ba ta barinsa gida. Kullum da safe tare suke fita, su sauka a tashar Sadat, su shiga ƙaramar bas, ta ajiye shi wurin Isam, wani ɗan garinsu mai sayar da shayi, sannan ta wuce aiki.

To amma mantuwa ba ta taɓa taurin kan Malam Ya'ƙub ba. A tsakiyar kowane jirgi akwai taragon mata, kuma shi a duniya ba ya yarda 'yarsa ta shiga cikin maza ana matse ta. Ta yi lallashi, ta yi kuka, ta nuna masa matan Masar da ke shiga tare da mazajensu. Ya ce, "Su suka ga za su iya. Ni ina da rai ba za a goga kafaɗa da 'yata ba." Dole ta sa suka yi shiri: ita tana taragon mata, shi yana na kusa da shi, a jikin taga. A kowace tasha sai ya miƙo farar hularsa waje, ita kuma ta leƙo daga ƙofa. Idan ta ga hula, to Baba yana ciki. Abin mamaki, ya kan manta ko ya karya kumallo, amma wannan bai taɓa mantawa ba, wataƙila don ya yi kama da tutar da ya saba ɗaga wa jirgi.

Tsofaffin taragun ne suka ba da wannan dama. An ce tun buɗe layin suke aiki, tun ba a haifi Fauziyya ba. Fentinsu ya koɗe, fankokinsu sai kaɗa zafi suke yi daga wannan kai zuwa wancan, amma tagoginsu a buɗe suke. Sababbin kuwa gilashi ne a liƙe, ko yatsa ba ya fita. Da farko jefi-jefi sababbin suke zuwa, idan ɗaya ya zo sai ta ja hannun tsohon su bari ya wuce. A hankali lissafi ya juya, tsofaffin suka zama su ne jefi-jefi. Duk ranar da ta ji ana murnar za a kwashe ragowar, sai ta ji kamar da ita ake.

Wata safiya ta bazara, zafi kamar a gasa masara, sababbi suka yi ta wucewa ba tsoho ko ɗaya. Malam Ya'ƙub ya fara tsaki. Da wani sabon ya tsaya, kafin ta ankara ya fizge hannunsa.

"Jirgi ba ya jiran kowa, Fauziyya. Yalla, maza tafi wurinki."

Ya shige. Ita kuma, saboda sabo da tsoron faɗansa, ƙafafunta suka kai ta taragon mata. Sai da ƙofa ta rufe sanyi ya buge ta, sannan ta gane wautar da ta tafka.

A Matariyya, tasha ta gaba, ta kutsa ta leƙa. Ba hula, ina hula za ta fito? Mutane ne kawai ke zubowa, kuma rabin tsofaffin Alƙahira farar jallabiya irin ta Baba suke sawa. Ta ga wani mai ɗan doro kamar nasa ya nufi matakala, zuciyarta ta ce shi ne, ta ce ba shi ba ne, ƙofa ta rufe. Nan ta shiga tsaka mai wuya. Idan ta sauka don ta koma taragonsa, ƙofa na iya rufewa ta bar ta a ƙasa, jirgi ya tafi da shi. Idan ta zauna, wataƙila tun ɗazu ya sauka. Ba shi da waya, don ya kan bayar da ita kyauta ga duk wanda ya yi masa sallama, kuma bai san sunan titinsu ba. A garin nan ina za ta fara nema?

Tasha bayan tasha tana leƙawa, ana ture ta tana komowa. Wata mata mai ɗauke da jakar kayan miya ta ce, "Ya binti, 'yar nan, ko ki sauka ko ki ba mu hanya." Fauziyya ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri," amma ba ta matsa ba. A cikin wannan sanyin gumi take yi. Abin da ya fi tsorata ta tashar Shuhada ce, babbar mahaɗar da jama'a ke fita kamar an ɓalle madatsar ruwa. Ko yana ciki, can za su kwashe shi su yi waje da shi.

A Gamra, tashar da ke kafin Shuhada, ta yi bisimilla ta dira. Ta ruga, takalminta ɗaya ya fita ba ta waiwaya ba, ta cusa kai cikin maza ƙofa na kama gefen mayafinta. Aka dara, aka buɗa mata hanya. Ta shiga duba fuskoki.

Can ta hango shi tsaye a jikin gilashi, yana ta laluben inda ake buɗe shi. Ta isa ta dafa hannunsa.

"Baba, ga ni."

Ya juyo ya dube ta a tsanake, da irin ladabin da yake yi wa baƙi. Ya janye hannunsa a hankali.

"Baiwar Allah, kin yi kuskure, taragon mata yana gaba. Don Allah idan kin je ki duba mini 'yata, Fauziyya sunanta. Ki ce mata tagar ce ta ƙi buɗuwa, kada hankalinta ya tashi."

Bai taɓa kasa gane ta ba sai yau. Jirgi ya nutsa ƙarƙashin ƙasa, maza suka fara matsowa bakin ƙofa. Fauziyya ta gyara tsayuwa tsakaninsa da ƙofa.

"To, Malam," ta ce, "zan gaya mata. Amma bari in tsaya nan har mu wuce Shuhada."