Telar da Ta Daina Ɗinka Siket Mai Jan Ƙasa

Shekara ashirin da biyu telar layinmu ta yi a ɗan shagonta, tsakanin mai gyaran rediyo da mai sayar da magani. Keken ɗinki ɗaya, dutsen guga, sai madubi mai tsaga a gefe. A siket ta yi suna. Mata kan ce in ta tsuke miki ƙugu, ko numfashi sai kin nemi izini.

Ƙanwarta, wadda kowa ke kira Auta, ita ke tuƙa motar gidan burodi tana raba wa shaguna. Da aka ce za a ƙara mata girma a wurin aiki, sai ta kawo yadi.

"Yaya, mai jan ƙasa nake so, a sa leshi a bakinsa. Na gaji da yawo da wando kamar ɗan dako."

"Da shi za ki taka birki?"

"Haba Yaya, yau na fara tuƙi?"

Telar ta yi dariya, ta ɗinka.

Ranar da Auta ta sa shi, a gangaren kasuwa wata tsohuwa ta shigo titi da bokiti a ka. Auta ta ɗaga ƙafa daga totur, ashe leshin ya sarƙe a jikinsa. Ta fizga, siket ɗin ya riƙe mata gwiwoyi, ƙafar ba ta kai birki ba. Ta murɗa sitiyari, ta kauce wa tsohuwar, motar ta daki turken wuta.

A asibiti da almakashi aka yanke siket ɗin daga jikinta, aka miƙo wa telar a leda. Ta zauna a benci tana bin ɗinkin da yatsa. Ko zare ɗaya bai tsinke ba. Likita ya fito ya ce ƙashin baya ya taɓu, Auta ba za ta ƙara takawa ba.

Tun daga nan, duk wadda ta kawo yadi sai telar ta tambaye ta, "Kina tuƙi?" In ta ce e, siket iya ƙwauri ne, mai faɗi, babu leshi. Wasu su ce ta tsufa, su kwashe yadinsu. Ba ta roƙon kowa.

Auta na ɗakin telar yanzu, kan katifa kusa da taga. Ba ta taɓa ɗora wa yayarta laifi ba, ita kuma ba ta taɓa tayar da zancen ba. Da azahar takan rufe shago, ta je ta juya ta ɗaya ɓarin, kada bayanta ya yi gyambo.