Tsibi Biyu na Gyaɗa a Gaban Alƙali

Shekarar da wuta ta cinye gyaɗar Baba a gonarmu ta Tudun Kaya, ni na riƙa kai shi kotu a Karaye a kan babur. Maƙwabcinmu na gona ne ya sa wa ciyawa wuta, iska ta juya, wutar ta kama gyaɗar da muka tara. Bai musa cewa shi ya kunna ba. Amma ya dage tsibi ɗaya ne ya ƙone, na biyun mun riga mun kwashe. Mai unguwa ya yi ƙoƙarin sulhu ya gaji.

A zaman ƙarshe alƙali ya ce wa Baba, "Malam, kotu ba ta biyan abin da mutum ya ji a ransa ya rasa, sai abin da ya tabbatar. Tsibin farko shaidu biyu sun gan shi. Na biyun shaidarka ɗaya. Za ka cika da rantsuwa?"

Baba ya fita yin alwala. Na riƙe masa buta. Gyaɗar nan da ita za mu ci har damina. Na ce, "Baba, ai gaskiyarka ce."

Ya ƙarasa alwalarsa ya miƙe.

Da muka koma aka kawo Alƙur'ani. Maƙwabcin ya sunkuyar da kai, gumi na bin wuyansa. Baba ya miƙa hannu, sai ya tsaya.

"Allah ya gafarta Malam, a makon da wutar ta tashi ina kwance da zazzaɓi. Ƙanena ne ya ce mini tsibin yana nan. Na yarda da shi, amma idona bai gani ba. Ba zan rantse ba."

Na ji kamar in kama rigarsa. Alƙali ya yanke diyyar tsibi ɗaya, a biya da gyaɗa ko kuɗinta.

A hanyar gida ban yi wa Baba magana ba, shi ma bai nema ba. Bayan kwanaki maƙwabcin ya kawo buhunan a amalanke, daidai yadda aka yanke. Suka gaisa da Baba a ƙofar gida, gaisuwar ba ta yi tsawo ba. Wannan ranin Inna ta sayar da awakinta biyu muka sayi dawa.