Geron Tururuwa

Na fara binciken asalinmu ne saboda wani abokin aikina a sito. Kullum muka zauna cin abincin rana sai ya jero kakanninsa har ya dangana da wani malami da ya zo daga gabas a kan raƙumi. Ni kuwa nawa jerin a kan kakana yake tsayawa, shi ma ban taso na gan shi ba. Abin ya tsaya mini a rai. Na ce in aka tona ba za a rasa mana ko da mai unguwa ɗaya ba.

Mahaifina ya rasu bai ba mu labarin komai ba. Mutum ne da in ka tambaye shi zancen da, sai ya aike ka sayen goro. Na zaga dangi. Wani baffana da ya yi gadi a Bompai ya ce mu jinin Fulani ne, na dubi hancinsa, na yi masa sallama. Wani a Sharada ya ce maharba ne mu, amma shi ko ɓera bai taɓa kamawa ba. Saura Gwaggo, yayar mahaifina, da ke zaune gidan ɗanta a Panshekara tun da ƙafa ta daina ɗaukarta.

Ranar Lahadi na je mata da fura.

"Gwaggo, tarihinmu na zo ku ba ni. Su wane ne mu?"

"Manoma."

"Kafin noman fa?"

"Sharar gona."

Ta sha furarta. Can ta ce gara da na zo, don kaka ta yi, ita kuma ba ta kai geron bana ba. Kowa a dangi ya san duk kaka Gwaggo takan ƙulle ɗan gero a bakin zane ta nufi Challawa. Mun ɗauka wata tsohuwa take kai wa.

Ta ce akwai shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana ciki. Suka ci tafasa, suka ci dusa, har suka kai ga irin shuka. Ƙannenta biyu aka binne kafin bazara ta wuce. A haka aka haifi mahaifina, nonon uwarsu ya ƙafe, jariri ya kai inda ko kuka ba ya iyawa. Sai kakana ya ɗauki fartanya ya tafi gindin tsamiyar da ke iyakar gonarsa, ya haƙa gidan tururuwa har ramin ya kai masa ƙugu, suna cizonsa yana kwasar abin da suka tara.

"Rabinsa ƙasa ne," in ji ta. "Ni na bakace shi a faifai. Aka dama wa Inna kunu, nono ya dawo. To, ubanka ke nan."

Daga nan kakana ya ce sun fasa rumbun maƙwabci, don haka duk kaka sai an mayar. Da ya rasu, Gwaggo ta ci gaba. Da aka auna gonakin aka yi katanga, ta riƙa zubawa daga waje.

"Kar ka kawo mini wa'azi, ba tsafi ba ne. Haƙƙin maƙwabta ne."

Ta kwatanta mini wurin. Kamfanin biskit ɗin da nake aiki ne. Tsamiyar tana nan bayan janareto, direbobi na shan inuwarta. Kuma duk ƙarshen wata ni nake kewayawa da masu feshin maganin ƙwari, ina nuna musu inda tururuwa ke fitowa.

Da na ce mata a wurin nake aiki, sai ta ce, "Wai aikin me kake yi a can?"

"Ina kula da sito, Gwaggo."

"Ashe kai ma rumbu kake tsaro."

Ranar Litinin na shiga da gero a aljihu. Masu gadi wajen fita suke laluben mutum, ba ruwansu da wanda ya kawo wa kamfani hatsi. Da aka tashi sallar azahar na zaga bayan janareto na zuba a gindin tsamiya, na tsuguna ina jira. Ko ɗaya ba ta fito ba. Na iya aikina, ban bar musu ko rami ba. Washegari kurciyoyi suka cinye. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Da na koma Panshekara, ko zama ban yi ba ta ce, "Ka kai?"

"Na kai."

"Suna nan?"

"Suna nan, Gwaggo."

"Alhamdu lillahi. Da sun ƙare, ban san abin da zan je in gaya wa Baba ba."

Ba ta ga wata kakar ba. Da masu feshi suka zo, na tsaya a gindin tsamiyar na ce su tsallake nan. Suka tambayi dalili, na ce wurin wasu ne. Duk kaka ina zuba geron, kuma duk azahar ina leƙawa.