Kuɓewar Gwaggo Mai Jan Tsumma

Ruwan farko ya sauka jiya a Zuru, ƙamshin ƙasa ya tuno mini da Gwaggo. A bayan ɗakinta take shuka kuɓewa, tana ɗaura wa manyan jan tsumma, alamar na iri ne. Ran da na kai hannu, muciya na sha: "Ke ɗiyar nan! Wanda ya cinye iri ya cinye baɗi."

Da ta rasu bara, masu girkin makoki suka tsinke har masu tsumman, suka daka, suka kaɗa miya. Aka yi ta santi! Yau ga ƙasa jiƙe, ba ni da ko ƙwaya, wai in sayo a kasuwa.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya sa ta tarar da abin da ta shuka. Namu dai mun cinye.