Yadda Kaina Ya Cinye Rigunan Siddiq

Siddiq mai hoto ɗan Ƙofar Kwaya ne. Nan aka haife shi, nan kuma shagonsa yake, jikin shagon Elisha tela. Da fari yawon biki yake yi da kyamara a wuya, yau gidan suna gobe gidan ɗaurin aure. Da wayoyi suka yi yawa, kowa ya zama mai hoton kansa, sai ya sayi tsohuwar kwamfuta ya zauna wuri ɗaya yana hoton fasfo. In ka ce masa ya ci gaba, sai ya ce, “Wane ci gaba? Ƙafa ce ta gaji.”

Abin da ya fito da sunansa shi ne tufatar da mutane. Ka shigo da singileti, ka fita da hotonka cikin kwat kamar manajan banki. Yana da wani fayil a kwamfutar da yake kira adaka, wanda ya yi shekaru yana tarawa: manyan riguna, kaftani, kwat, huluna, hijabai kala-kala. Kowace tufa tana kan shimfiɗarta daban, an jera su bisa juna. Sai ya sa hoton kanka a ƙarƙashinsu, ya bayyana rigar da kake so, ya ɓoye sauran. A zahiri kuwa kaftaninsa na fita bai fi biyu ba. Yakan ce duk Katsina babu mai sutura kamarsa, sai dai in an ɗauke wuta tsirara yake.

Ni sunana Lawal, abokinsa ne tun firamare. Allah Ya yi ni da dogon wuya da kunnuwa masu son shan iska, don haka ban cika son hoto ba. Amma wata rana na ji wani kamfani na ɗaukar ma'aikata, ana neman fasfo. Na tafi shagon da rigar ƙwallo a jikina.

Bayan mun gaisa, mun tambayi gida da iyali da gajiya, ya ɗauke ni hoto, na ja kujera na zauna gefensa. Ɗabi'arsa ita ce ya kwafi adakar, ya yi aiki a cikin kwafin. Ran nan na cika shi da surutu har ya buɗe uwar adakar kanta bai lura ba. Na ce a sa mini kwat. Ya sa, na fito kamar jimina ta je kotu. Na ce a gwada kaftani. Na ce a sauya hula. Daga ƙarshe muka tsaya a kan wata shuɗiyar babbar riga mai aiki har ciki, wadda ta ɗan rufa mini asirin wuya.

Da ya zo adanawa, sai wani ɗan akwatin rubutu ya fito a tsakiyar allon, da alamar gargaɗi ruwan ɗorawa.

“Mi kuma take so?” in ji Siddiq, yana ƙoƙarin amsa waya da ɗaya hannun.

Ni kuwa mai difloma, ga dama ta samu. Na miƙa wuyan nan nawa, na karanta layin farko, na tsallake na biyu saboda tsawonsa. Na ce, “Tambaya take ko ka yarda. Yarda mana, rana na yi.”

“Kullum sai ta yi wannan tambayar,” ya ce. “Gaisuwa ce.”

Ya danna, ya wanke mini hotunan, ya rufe fayil ɗin. Layin da na tsallake, kamar yadda muka gane daga baya, cewa yake in aka adana a haka za a haɗe komai ya zama hoto ɗaya, a zubar da duk shimfiɗun da ke ɓoye.

Ban kai ga tashi ba wata dattijuwa mai suna Delu ta shigo, tana son fasfo da farin hijabi. Siddiq ya ce, “Baba, zauna, yanzun nan.” Ya buɗe adaka. Sai ga ni a allon. Ya rufe, ya sake buɗewa. Ni ne dai, cikin shuɗiyar riga, ina murmushin neman aiki. Ya duba gefen da sunayen tufafin ke jeruwa, babu komai sai layi ɗaya.

Delu ta leƙo ta ce, “Ɗan nan, ni hwa ba wannan nake so ba.”

“Baba, ni ma ba shi nake so ba,” in ji Siddiq.

Ya kalli allon, sannan ya juyo ya dube ni, ya sake duban allon, kamar mai neman wanda ya fi muni tsakaninmu. Na ce ko akwai kwafi a wani wuri. Ya ce akwai a filash. Ina filash ɗin? Ya ba wani aro, an zuba masa waƙoƙin biki a kai. Su kuwa kwafin da yake aiki da su, kullum goge su yake don kada kwamfutar ta yi nauyi. Mai gyaran da muka kira ya dudduba ya ce abin da aka rubuta wani a kansa sai haƙuri.

Na ba shi haƙuri na ce laifina ne. Ya ce, “A'a, bar mini kayana. Shekara da shekaru tana tambayata, ban taɓa sauraronta ba. Ko matata ce ai da tuni ta tafi gida.”

Watannin da suka biyo baya sun yi masa wuya. Elisha, mutumin Kudancin Kaduna da ya daɗe yana ɗinki a unguwar, ya ba shi aron kwat ɗinsa ta zuwa coci, da sharaɗin a mayar masa duk Asabar da yamma. Aka rataye ta a ƙusa. Elisha ƙato ne, saboda haka duk saurayin da ya saka ta sai ya zama kamar yaro ya shiga buhu. Siddiq ya riƙa tsuke ta ta baya da abin shanya. Wasu suka haƙura, wasu suka koma wani shagon.

Elisha ne kuma ya kawo dabara. Duk rigar da ya gama ɗinkawa, kafin mai ita ya zo, sai ya leƙo ya ce, “Malam Siddiq, zo ka yi sallama da wannan.” Siddiq ya rataye ta jikin farin bango ya ɗauka, ya zauna ya yanke ta a kwamfuta a hankali. Da haka adaka ta fara cika, har ta fi ta da kyau, don waɗannan ɗinkin yayi ne.

Sai wata Juma'a Alhaji Yari, wani ɗan kasuwa a unguwar, ya shigo riƙe da fasfon direbansa. Ya ajiye a kan tebur ya ce, “Malam Siddiq, wannan shaddar tawa ce. Ni ban ko saka ta ba tukuna, ajiye take sai Sallah. Yaushe ya shiga ɗakina?”

Siddiq ya miƙe, ya yi bayani tun daga farko, har ya buɗe hotona ya nuna masa a matsayin shaida. Alhaji ya kalli kunnuwana ya yi dariya har da riƙe ƙofa. Ya ce ya yafe, amma nan gaba a riƙa tambaya. Washegari ya aiko da riguna uku a ɗauka, da saƙon cewa kada a sa wa direban ko ɗaya.

Yanzu Siddiq na da kwafin adakar a shago, da a gida, da a wurin Elisha. Duk akwatin da ya fito a allo sai ya cire hannu daga linzamin kwamfuta, ya sa tabarau, ya karanta shi da ƙarfi har ƙarshe, ko da layin mutane ya kai bakin titi. In ina wurin na buɗe baki zan taimaka, sai ya ce, “Lawal, je ka sayo mana ruwa.”